Mas'uda da Saƙon da Ban Kai ba

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Guangzhou daga Kano, zazzaɓi ya kayar da shi ko haƙori ya hana shi sakat, ya san Mas'uda. Gajera ce, ba ta da jiki, kullum da baƙar jakar goyo da takalmi maras tudu saboda yawan tafiyar da take yi. In ka kira ta daga Canaan, kasuwar tufafin da muke wuni a cikinta, za ta taso daga unguwar Panyu, tafiyar awa guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta kai ka asibiti, ta yi maka tafinta, ta tsaya a kanka har a sallame ka. Dokta kowa yake ce mata. Ni na laƙaba mata sunan, kuma ba likita ba ce.

Sunana Hajjo. Shekara goma sha bakwai ke nan ina sintiri tsakanin Kantin Kwari da Gwanzu, kamar yadda mu 'yan kasuwa muke kiran garin, ina saro dogayen riguna da mayafai. Ba a san ni da tsoron magana ba. Na sha tsayawa da Basine mu yi ta cacar baki a kan ɗinki, shi da yarensa ni da nawa, har ya sauko. Ku riƙe wannan, don ku san ba rashin baki ne ya jawo abin da zan faɗa ba.

Mas'uda 'yar yayana ce, Malam Zailani, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce 'yarsa ta fari, shi kuwa Yaya mutumin da ne wajen kara. Ba ya kiran sunanta. In zai yi maganarta sai ya ce da ni "'yarki". In ta durƙusa gaishe shi, amsa ɗaya yake yi ya mayar da kunne kan rediyonsa. A ɗakina aka yaye ta, a ɗakina ta girma rabi da rabi, don haka duk abin da ke tsakanin uba da 'ya ta bakina yake bi. In takalminta na makaranta ya tsinke, ni zan faɗa masa. In ta zo ta ɗaya, ni zan kai masa sakamakon, ya duba sama-sama ya ce, "To, madalla," kamar an ba shi labarin 'yar maƙwabta. Sai bayan kwana biyu in ji a bakin mutanen masallaci cewa babu wanda bai nuna wa takardar ba.

Shekara talatin da ɗaya Yaya ya yi yana ba da kati a asibiti. Ya san tsanin wurin kamar yadda na san yadi: wa ke sama, wa ke bi masa, wa ke da ikon rubuta magani, wa zai miƙa shi kawai. Shi a matakalar ƙasa ya shiga, a can ya yi ritaya. Yana miƙewa tsaye ya gaida likitocin da ya haife su, bai taɓa ƙorafi ba. Amma da Mas'uda ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta nemi karatun likita a gida sau biyu ba ta samu ba, sai na ga mutumin nan ya rage cin abinci. A lokacin ne wani ejan ya ce zai sama mata gurbin likitanci a Gwanzu. Yaya ya sayar da filinsa ɗaya tilo, a shekarar 2013 na ɗauko yarinya muka hawo jirgi tare.

Bayan wata uku na dawo sari. Ta same ni a otal ɗin da nake sauka a unguwar Sanyuanli da la'asar, ina zaune a kan buhunan kaya ina cire takalmi. Ta rame, amma na ɗauka abincinsu ne bai karɓe ta ba.

"Gwaggo, karatun da aka sa ni ba na likita ba ne," ta ce.

"To na mene ne?"

"Na jinya ne. Difloma ce ta shekara uku, bayan shekara guda ta koyon yare. Ko digiri ba ta kai ba. Na likitan shekara shida ne, kuma a wata makarantar daban ake yin sa. Na je ofis sau huɗu, sun ce ba a canjawa. Ejan ya daina ɗaukar wayata."

Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Ki faɗa wa Baba."

Abin da na ce mata har yau ina jin sa a kunnena. Na ce, "Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. So kike ki kashe ubanki? Karatu ai karatu ne. Ki gama wannan, ki ɗora wancan a kai, wa zai sani? Ki rufa mana asiri." Na yi ta kawo mata hujja, har da hawan jinin Yaya. Hujja ɗaya ce ban kawo ba, kuma ita ce ta gaskiya: ni na kai ejan ɗin gidan Yaya. Ya taɓa fito mini da biza cikin kwana goma, shi ke nan na tsaya masa, na ce ni na san shi ciki da bai. Ba zuciyar Yaya nake karewa ba, fuskata nake karewa.

Da na koma Kano na je gaishe shi a zaure. Ba zai tambaye ni ita kai tsaye ba, sai ya bi ta gefe kamar yadda ya saba. Ya tambayi hanya, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "Ya mutanen can?"

Na ce, "Dokta tana gaishe ka."

Wasa na so in yi, ko dai haka nake gaya wa kaina. Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Ke dai ba kya girma." Amma na ga yadda kalmar ta zauna masa, daga ranar kuwa ban iya janye ta ba.

Ƙarya ba ta zama inda ka ajiye ta, kullum sai ka ƙara mata wani abu. Kowace tafiya sai na dawo da sabon labari. Na ɗauko hotonta da farar riga ranar da aka fara kai su asibiti koyon aiki. Da ta gama a 2017 ta ba ni takardar shaidarta, rubutun Sinanci zalla, na kai wa Yaya na ce ta zangon farko ce. Ya shafa ta, ya kasa karanta ko harafi ɗaya, ya kulle ta a akwatinsa na ƙarfe tare da takardunta na sakandare. Bayan shekara biyu na ce ta kammala gaba ɗaya, asibitin sun riƙe ta saboda ƙoƙarinta. Abokan tafiyata suka ji ina cewa Dokta, su ma suka ɗauka, kuma abin da aka faɗa a Canaan da hantsi kafin magariba ya zaga Kwari.

Ɗorawar da na yi mata alkawari ba ta yiwu ba, don babu wanda ke ɗora likitanci a kan wannan difloma, sai dai a koma farko. Gida kuma ta ƙi komawa. Ta koma a matsayin wa? Da ta sauka Kano za ta tarar da layin marasa lafiya a ƙofar gidan ubanta. Sai ta kama aikin tafinta a wani kamfanin tura kaya, su suka yi mata takardar zama. Abin da ya rage na lokacinta kuma ta ba marasa lafiyarmu.

A nan ne zan yi mata adalci, tunda ban yi mata a wani wurin ba. Mas'uda ba ta taɓa kiran kanta likita ba. In an ce Dokta, sai ta ce, "Mas'uda dai," a hankali, mutane su ɗauka tawali'u ne. Ba ta taɓa rubuta wa kowa magani ba. Alhaji zai zo da ciwon ƙirji yana cewa ta ba shi ƙwaya biyu kawai, jirginsa gobe ne, ta ce, "Alhaji, tashi mu je a duba ka," ko zai yi fushi sai sun je. Ta san asibitin da ke da likita mace don matanmu, ta san wanda ba a daɗe a layi. Tana fassara wa mutum abin da likita ya ce ba ragi ba ƙari, ko da mai ɗaci ne. Lokacin korona, shekara uku ban leƙo ba, amma na ji a bakin ɗalibai yadda ta riƙa kai wa mutanenmu abinci da maganinsu na kullum lokacin da wasu suka rasa wurin kwana. Manema biyu suka fito mata, duk 'yan gidan mutunci. Ta sallame su, don likita suka zo nema ba ita ba. Ni kuwa har faɗa na yi mata a kan ruwan ido.

Bara da bazara abin ya juya. Mun shiga Shisanhang da safe, layin sarin tufafi masu araha, inda cunkoso ba ya barin mutum ya ga ƙafarsa. Mas'uda ta rako ni don wata mai shago da muke rigima da ita a kan launi. Muna cikin magana sai wata mata baƙa da ke gabanmu ta jingina da tarin kaya ta sulale ƙasa, gumi ya jiƙe ta, hannunta yana rawa, maganarta ba ta fita daidai. Kafin in ce wani abu Mas'uda ta durƙusa a kanta. Ta buɗe jakar matar, ta ga allurar masu ciwon suga, ta tambaye ta ko ta karya kumallo, matar ta girgiza kai. Ta ɗaga murya da Sinanci, mai shagon da muke faɗa da ita ta rugo da lemon kwalba da kujera. Ta riƙa ba ta a hankali. Kafin minti goma matar ta dawo hayyacinta tana tambayar ina kayanta.

Sunanta Surayya, 'yar Zangon Kumasi ce, da irin Hausarsu ta Gana wadda ba ta raba mace da namiji. Ta ji ina cewa "Sannu, Dokta," sai ta kama hannun Mas'uda.

"Dokta, Allah ya biya ka. Wane asibiti kake aiki?"

"Ni ba likita ba ce, Hajiya," in ji Mas'uda. "Jinya na karanta, difloma."

Wannan ne karo na farko da na ji ta faɗe shi a fili, kuma a gabana. Na shiga waige-waige ko akwai ɗan Kano kusa.

Surayya ba ta ga abin kunya a ciki ba. Ta ce, "To me ya hana ka yi irin na ƙanena? Shi ma nas ne da. Ya koma makaranta ya zama mataimakin likita. Yanzu shi ke duba mutane a asibitin ƙauye can arewa, yana rubuta magani, wanda ya fi ƙarfinsa ya tura wa babban likita. Wannan hannu naka bai kamata ya ƙare a tafinta ba."

Na ja Mas'uda muka tafi, ina cewa mutanen Gana akwai surutu. Ashe ta karɓi lambar matar.

Da na dawo bayan wata uku, ta ce lallai in zo Panyu in ci abinci. Ɗaki ɗaya ne a hawa na tara, katifa da tebur da tukunyar lantarki. Ta dafa shinkafa da wake, muka ci da yajin da na kawo mata. Da muka gama ta ɗauko wani littafi da ta cika da rubutu, ta zauna a gabana kamar mai biya karatu.

"Na bincika, Gwaggo. Ba ko'ina ake yin sa iri ɗaya ba. A Amurka digiri na biyu ne. Sai kana da digirin farko kafin su kalle ka, kuma makarantu da yawa suna son awa dubu ko fiye da ka yi a kan marasa lafiya, da sa hannun wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa."

"Ai ke kin yi dubu goma," na ce.

"Wa zai sa mini hannu, alhazan Kwari?" Ta ɗan yi dariya. "Kuma ba ni da digirin. Wannan ƙofar a rufe take. Amma a Gana digirin farko ne, shekara huɗu. Suna ɗauka daga sakandare in kana da kiredit a darussan kimiyya, ni kuma ina da su. Na rubuta wa makarantu uku, ɗaya ta amsa. Sun ce mai difloma ta jinya za su iya fara shi daga shekara ta biyu, in sun tantance takardunsa. Suna son na asali, na sakandare da na nan, da fassara mai hatimi. Sannan in je su gana da ni a watan Agusta."

"To sai ki kai musu."

"Suna akwatin Baba."

Na ajiye kofin ruwan da ke hannuna.

"Ba takardun kawai nake so ba," ta ce. "Ina so ki faɗa masa abin da zan yi da su. Duka, daga farko."

Nan na tashi da faɗa, don faɗa ne abin da na iya in an ƙure ni. Na ce wa ya taɓa jin an sauko daga likita an koma mataimaki? Na ce ta tuna ubanta, shekara talatin yana miƙe wa likitoci, yanzu da mutane suke miƙe masa sai ta janye masa tabarma? Na ce a bar kaza cikin gashinta.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ban taɓa hawa ba, Gwaggo, balle in sauko. Shekarata talatin. Na gaji da amsa sunan da ba nawa ba. Ina so in taɓa maras lafiya da izini, ko da a matakalar tsakiya ce." Ta rufe littafin. "Da zan iya faɗa masa da kaina da na yi. Kin san ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ke ce bakina."

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ta faɗa. Na yi mata alkawari, har na ce in Allah ya kai ni Kano ba zan kwana ba sai na faɗa.

Awa goma sha wani abu a jirgi ina tsara yadda zan fara. Na sauka, na yi wanka, bayan la'asar na nufi gidan Yaya. Na tarar da shi a zaure da wata ambulan a gefensa. Muna gama gaisawa ya turo mini ita.

"Ta maƙwabcinmu ce, hoton ƙirjin matarsa. Ya ce a taimaka a kai wa 'yarki ta duba. Na ce masa ba ta ƙin mutane."

Yadda ya faɗi "ba ta ƙin mutane" ɗin ne ya karya ni. Ya tsufa, haƙoransa na gaba sun tafi, amma fuskar nan tana haske. Duk abin da na tsara a jirgi ya bi iska. Na ji bakina yana cewa, "Yaya, takardunta na zo karɓa. Ƙarin karatu za ta je Gana, na ƙwarewa."

Ya ce, "Kwansaltan ke nan, babban likita." Ai na ce muku ya san tsanin. Ya tashi da kansa ya shiga ɗaki, ya fito da takardun a naɗe cikin leda biyu. Ya ce, "Ki riƙe su a jikinki, kada ki sa a kaya." Na karɓa da hannu biyu, na fito ina jin kamar na sato su.

Bayan mako biyu na koma Gwanzu, don lokacin makarantar yana ƙurewa. Labari ya riga ni sauka. Tun kafin in iso, wani Alhaji ya tare Mas'uda a Canaan yana taya ta murnar zama kwansaltan. Ban san da wannan ba lokacin da ta shigo ɗakina a otal da misalin ƙarfe uku na rana. Na miƙa mata ledar ina ta surutu a kan jirgi da kwastan. Ta buɗe, ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ta mayar.

"Me ya ce?"

"Ya sa albarka."

"A kan me ya sa albarkar, Gwaggo?"

Na kalli bango. Da ta zage ni da na ji sauƙi, amma ba ta ko ɗaga murya ba. Ta duba agogo ta ce, "Yanzu takwas na safe a gida, ya dawo daga masallaci tuntuni. Ara mini wayarki."

Na miƙa mata. Ta kira, ta sa yadda ni ma zan ji. Yaya ya ɗauka yana cewa, "Hajjo, kun sauka lafiya?" Sai na ga Mas'uda ta sauko daga bakin gado ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban waya, kamar yana kallonta.

"Baba, ni ce. Ina kwana."

Ya ce, "Lafiya."

"Baba, ina da magana, ka yi haƙuri ka bari in kai ƙarshe. Ni ba likita ba ce. Ban taɓa shiga ajin likitanci ba. Jinya aka sa ni, difloma ta shekara uku, ita ce takardar da ka ajiye a akwatinka. Aikin tafinta nake yi a nan. Karatun da zan je Gana na mataimakin likita ne, digirin farko, kuma ban ma samu ba tukuna, sai sun gan ni."

Babu abin da ake ji ta wancan gefen sai carar wani zakara.

Ta ci gaba. "Gwaggo ba ta sani ba. Ni na ɓoye mata tun farko. Abin da na gaya mata shi take kawo maka."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Wayar tana nan tsakaninmu, taku ɗaya, ba abin da ya hana ni in ce, "Yaya, ƙarya take, ni ce." Mas'uda ba ta ma kalle ni ba balle in ce ita ta hana ni. Na rufe bakina na zauna.

Da Yaya ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Bai yi faɗa ba, bai tambayi fili ba, bai tambayi ejan ba.

"Wannan da za a shiga yanzu, na gaske ne?"

"Na gaske ne, Baba."

"Suna ba da lasisi?"

"Suna bayarwa, in an ci jarrabawar hukuma."

"To a kai musu takardun," ya ce, ya kashe wayar.

Ta daɗe a durƙushe tana kuka maras sauti. Da ta miƙe na ce, "Me ya sa kika ce haka?" Ta goge fuska da mayafi ta ce, "Ke kike zuwa gaishe shi, Gwaggo. In ya rasa ni ya rasa ki, wa zai rage masa?" Ta ɗauki jakarta ta tafi wurin masu fassara kafin su rufe.

Ta je Gana a watan Agusta. Sun yi mata tambayoyi na kusan awa guda, suka ɗauke ta daga shekara ta biyu kamar yadda suka ce. Yanzu tana can cikin yara 'yan shekara ashirin, tana zaune a gidan 'yan uwan Surayya. Ta ce mini a ajin suna tsokanarta da Anti, ita kuma tana amsawa da daɗin rai. A Canaan har yanzu in wani ya kwanta ciwo sai a ce ina ma Dokta tana nan, waɗanda suka ji labari su ce ashe ba dokta ba ce, amma ba wanda ya ce ta taɓa cutar da shi.

Ni kuwa da na koma Kano sai na ƙi zuwa gidan Yaya. Mako uku ina aika gaisuwa, ina cewa kaya ne suka riƙe ni. Na ji a gari cewa ya tsaya bayan sallar azahar ya gaya wa mutanen masallacinsu da bakinsa, cewa 'yar da ake kira likita ba likita ba ce, kowa ya yafe masa abin da ya faɗa a baya. Wasu sun tausaya, wasu sun yi dariya a bayan idonsa.

Ran wata Talata ina shago a Kwari ina jera mayafai, sai na ga mutum tsaye da sanda a bakin ƙofa. Yaya ne. Tun da na fara kasuwa bai taɓa tako shagona ba. Na rasa inda zan sa kaina, na jawo masa kujera, ya ƙi zama.

"Ba daɗewa zan yi ba," ya ce. "Na ga kin ɗauke ƙafa, na san dalili. Kunya kike ji, kuma ba ke ya kamata ki ji ta ba. Ke kika raine ta, ke kika yi ta wahalar zuwa duba ta, ta saka miki da wannan. Shekara goma sha ɗaya tana sa ki faɗar abin da ba haka ba, ke da ba a taɓa kama ki da ƙarya ba. Ni na haife ta, don haka ni zan ba ki haƙuri. Ki yafe mata, Hajjo, don Allah."

Yana tsaye, ya dafa sanda da hannu biyu, yana jiran amsata. Babu kowa a shagon sai ni da shi.

Na ce, "Ba komai, Yaya."

Ya yi mini godiya, ya juya ya tafi a hankali.